Manhajar da ke karanta mini wasiƙu: abin da na tarar cikin kwana 90 na gwaji

Kwana 90 ne iyakar rayuwar kowace sigar gwaji da aka raba ta TestFlight, wato hanyar da kamfanin Apple ya tanadar wa masu haɗa manhaja don su bai wa jama'a aikinsu a gwada kafin ya shiga App Store, kuma wannan wa'adi na jira ya cika kafin in ce uffan a kan wata sabuwar manhaja da aka yi domin makafi. Aikinta shi ne ta ɗauki hoto da kyamarar waya, ta karanta rubutun da ke ciki, ta bayyana abin da ke gaban mutum, sannan ta amsa tambayoyinsa game da hoton ta hanyar ƙirƙirarriyar basira. Ba zan ambaci sunanta ko sunan masu ita ba, domin akwai wata ɓaraka da zan yi magana a kai wadda har yau ba su tabbatar mini da cewa sun gama toshe ta ba, kuma wanda ya nuna ƙofar da ke buɗe alhali takardun mutane suna ciki, ɓarawo kawai ya taimaka wa.

Zan fara da yabo, saboda ta cancanci yabo. Duk wanda ya daɗe yana aiki da VoiceOver, manhajar karanta allo da ta shigo iPhone tun 2009, ya san takaicin ɗora yatsa a kan wani abu a ji muryar ta ce "maɓalli" kawai ta yi shiru, a bar ka kana canke ko na aikawa ne ko na gogewa. A wannan manhaja ban ci karo da maɓalli ko ɗaya marar suna ba, kuma an jera abubuwan da ke allon yadda yatsa zai bi su cikin hankali, abin da ke nuna cewa akwai makaho a cikin masu aikin, ko kuwa sun saurari makafi da gaske. Idan na ɗaga waya a kan takarda takan yi mini jagora, ta ce in matsa hagu kaɗan, in ɗaga sama, har sai kusurwoyi huɗu sun shiga, kafin ta ɗauka da kanta. Tana karanta jadawali layi-layi tare da maimaita kan kowane rukuni, ta yadda lissafin da ke cikin takarda ba ya cakuɗewa a kunne. Abin da ya fi burge ni shi ne idan hoto bai fito sosai ba takan faɗa, maimakon ta ƙago abin da babu. Na yi shekaru ina aiki da wasu manhajojin makafi irinta, wato Seeing AI na Microsoft da ya fito a 2017, da Be My Eyes wadda Hans Jørgen Wiberg ya kafa a Denmak a 2015 kuma ta ƙara sashen bayyana hoto da ƙirƙirarriyar basira a 2023, don haka ina da abin kwatantawa, kuma ta fuskar karanta doguwar takarda wannan ƙaramar manhaja ba ta jin kunyar zama kusa da su.

A mako na biyu na fara shan jinin jikina. Na shimfiɗa wata wasiƙa a kan tebur na ɗauki hotonta, manhajar ta karanta ta tsaf daga sama har ƙasa, sannan ta ƙara da cewa a gefen dama akwai katin banki, ta faɗi sunan da ke jiki, ta fara jero lambobinsa. Na miƙa hannu na laluba, sai ga katin kuwa, kusan taƙi ɗaya daga bakin takardar, inda na ajiye shi tun safe na manta. Mai ido da zai ɗauki wannan hoto zai ga katin a allo tun kafin ya danna, ya ture shi gefe ba tare da ya ma lura ya yi wani abu ba. Ni kuwa sai bayan hoton ya bar wayata na san abin da ke cikinsa. Wannan shi ne bambancin da masu haɗa irin waɗannan manhajoji suke yawan tsallakewa: kyamarar makaho tana kwasar abin da mai ita bai zaɓa ba, fuskar yaro da ke wucewa, allon kwamfutar abokin aiki, kwalin magani da sunan majinyaci a jiki, kuma abin da yakan sa mu ɗaga waya tun farko shi ne ainihin abin da muke jin nauyin miƙa wa wani ya karanta mana, kamar sakamakon asibiti da takardar bashi da wasiƙar kotu.

Daga nan na so in san inda hotunan suke zuwa. Gwajin farko mai sauƙi ne, na kashe intanet na ɗauki hoto, sai ta ce ba ta iya aiki, wanda ya tabbatar da cewa kowane hoto sai ya je rumbun ajiyarsu kafin amsa ta dawo. Wannan kaɗai ba laifi ba ne, domin manyan tsare-tsaren ƙirƙirarriyar basira galibi a can suke aiki, ko da yake Apple ya nuna tun iOS 14 a 2020 cewa ana iya yin ɗan bayanin hoto da gane rubutu a cikin wayar kanta ba tare da an aika komai waje ba. Sai na kunna rahoton sirrin manhajoji da ke cikin saitin iPhone tun iOS 15.2, wanda ke nuna adireshin intanet da kowace manhaja ta tuntuɓa cikin kwana 7, na tarar da wasu adireshi da ba na masu manhajar ba. Na nemi takardar manufofinsu na sirri don in ga su wane ne waɗannan, da kuma tsawon lokacin da ake ajiye hoto. Abin dariya abin takaici, an ɗora takardar a matsayin hoto, VoiceOver ba ta samu harafi ko ɗaya a ciki ba, sai da na sa manhajar tasu ta karanta mini dokokin kanta. Abin da ta karanto bai wuce cewa za su iya amfani da bayanai "don inganta aiki" tare da "abokan hulɗa" ba, babu sunan abokan hulɗar, babu adadin kwanaki, babu bayanin ko wani ma'aikaci yana buɗe hotunan da idonsa.

A nan ya kamata a tuna cewa yawancin alamun gargaɗi da aka zuba a wayoyin zamani an yi su ne domin ido. Ɗigon kore da ke bayyana a saman allon iPhone idan kyamara tana aiki, da na ruwan lemo idan makirfo yana saurare, da makamancinsu da Android 12 ya kawo, suna amfanar wanda ya waiga ya gani. Makaho sai ya je ya nema da gangan, kuma mutum ba ya neman abin da bai yi zargin yana nan ba.

Babban al'amarin ya faru a mako na biyar. Manhajar tana da hanyar tura wa wani hoton da ka ɗauka tare da bayaninsa ta wani adireshi, don mai ido ya duba maka idan kana shakka. Na ɗauki wata takarda mai rubutun hannu da ta gagare ta, na kira ƙanwata a waya, kuma da yake a gaban kwamfuta take, na karanto mata adireshin harafi-harafi tana bugawa. Ta yi jim, sannan ta ce, "Yaya, wannan fa ba takardarka ba ce, hoton kwalbar magani ne, ga sunan wata mata da adireshin gidanta a jiki." Na ce ta maimaita mini abin da ta rubuta, ashe lambar ƙarshe ta kuskure, ta sa 7 a inda na ce 1. Na ce ta rufe shafin nan take, ta rufe. Amma abin da ya bayyana ya riga ya bayyana: adireshin lambobi ne a jere, ba ya neman kalmar sirri, kuma duk wanda ya samu guda ɗaya zai iya canza lamba ya riƙa buɗe hotunan sauran masu gwaji ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsohon kuskure ne da masu harkar tsaron intanet suka daɗe da sani, kuma maganinsa sananne ne, a sa adireshi dogo wanda ba a iya canka, a sa masa wa'adin mutuwa, a tabbatar da wanda ke buɗewa.

Kuskure irin wannan yakan faru, kuma ba shi ne ya sa na rubuta wannan bita da zafi ba. Abin da ya biyo baya ne. Na duba cikin manhajar da shafinsu na intanet ban samu adireshin kai rahoton matsalar tsaro ba, alhali tun Afrilun 2022 akwai ƙa'idar da aka wallafa mai lamba RFC 9116, wadda ta tsara ɗan ƙaramin fayil mai suna security.txt da kowane shafi zai iya ajiyewa don a san wanda za a tuntuɓa, aikin da ba ya cin rabin sa'a. Na aika ta hanyar ra'ayin masu gwaji da ke cikin TestFlight, na kuma aika imel zuwa adireshin taimako, na bayyana komai dalla-dalla ba tare da na ambaci sunan matar ba. Kwana goma babu ko amsar "mun gani". Da na gaji, na rubuta a zauren tattaunawar masu gwaji cewa akwai matsala a hanyar tura hoto, kowa ya dakata da amfani da ita, ban faɗi yadda ake yi ba. Cikin sa'a guda aka goge saƙon, mai kula da zauren ya biyo ni ta gefe ya ce kada in tayar wa mutane da hankali, ai kowa ya san sigar gwaji ce.

Wannan jimla ta "ai gwaji ne" ita ce zuciyar matsalar, kuma na daɗe ina juya ta. Wanda ya karɓi sigar gwaji ya yarda manhaja ta rufe kanta tana tsakiyar aiki, ta cinye batir, ta karanta 8 a matsayin 3, ya kuma yarda ya ba da lokacinsa kyauta yana kai rahoto. Wannan ciniki ne mai kyau, kuma makafi sun fi kowa buƙatarsa, domin idan ba mu shiga tun ana gini ba, sai an gama a tarar an manta da mu. Amma hoton maganin waccan mata na gaske ne, adireshin gidanta na gaske ne, kuma wanda zai cutar da ita da su ba zai tsaya tambayar ko manhajar ta kammala ba. Doka ma ba ta san wannan uzuri ba. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018 ta sa bayanan lafiya a rukuni na musamman, ta wajabta sanar da hukuma cikin sa'a 72 idan an gano bayanan mutane sun fita, ta kuma ce a sanar da su kansu mutanen ba tare da jinkiri ba idan haɗarin yana da girma, kuma babu inda ta ware sigar gwaji. Masu wannan manhaja sun buɗe gayyatarsu ga kowa a duniya, don haka ba su da hujjar cewa abin bai shafe su ba.

Akwai kuma wata kwanciyar hankali ta ƙarya da na ji daga bakin wasu masu gwajin, cewa tunda ta hannun Apple manhajar ta biyo, an riga an tace ta. TestFlight yana barin mai manhaja ya gayyaci mutane har 10,000 daga waje, kuma Apple yana duba sigar farko kafin a raba musu, amma sigogin da ke biyo baya ba lallai ne su sake bi ta cikakken bincike ba. Ko da an duba, abin da ke cikin waya ake dubawa, babu wanda ke shiga rumbun mai manhaja ya ga yadda ya jera adireshinsa. A 2022 kamfanin tsaro na Sophos ya ba da rahoton yadda 'yan damfarar kuɗin kirifto suka riƙa bi ta TestFlight suna raba manhajojin bogi, daidai saboda wannan sassauci. Haka ma bayanin irin bayanan mutane da manhaja ke tattarawa, wanda ake gani a shafin kowace manhaja, wanda Apple ya fara a Disamban 2020, Google kuma ya biyo baya a 2022, mai manhajar ne yake cike shi da hannunsa, kuma binciken da Mozilla, masu manhajar shiga intanet ta Firefox, ta fitar a 2023 a kan manhajoji 40 na Play Store ya samu saɓani tsakanin abin da aka cike da abin da ke cikin takardar manufofi a kusan kashi 80 cikin ɗari.

Ɓangaren Android ban gwada shi da hannuna ba, amma umarnin girka shi yana cikin zauren kowa ya ji, kuma shi ya fi tsoratar da ni. Maimakon su bi ta hanyoyin gwaji na Play Store, sai suka jefa fayil ɗin girkawa a zaure, kuma da yake wannan siga tana bayyana hotunan da ke cikin wasu manhajoji, tana neman izinin hidimar taimakon masu buƙata ta musamman, irin wanda TalkBack, manhajar karanta allo ta Android, yake aiki da shi. Wannan izini yana bai wa manhaja damar karanta abin da ke kan allo da kuma danna maɓalli a madadin mai waya, shi ya sa manhajojin satar kuɗi suka daɗe suna farautarsa. FluBot, wadda ta yaɗu ta saƙon tes na ƙaryar isowar kaya har Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, ta sanar da rusa ta a 2022, da shi ta riƙa aiki. Saboda haka ne Android 13 ya toshe wannan izini ga manhajojin da aka girka daga wajen shago, sai mutum ya je ya buɗe da kansa. Umarnin da aka ba masu gwaji shi ne yadda za su tsallake wannan shinge mataki-mataki, da ƙarin cewa su yi watsi da gargaɗin da waya za ta karanto. Ban zargi masu manhajar da mugun nufi ba. Amma mutanen da kusan duk kayan aikinsu ke neman wannan izini, idan aka saba musu da danna "na yarda" a kan gargaɗi, an share wa ɗan damfara na gobe hanya, wanda zai zo da fayil mai irin wannan suna a irin wannan zaure.

Don adalci, amsa ta zo daga baya. A rana ta goma sha tara bayan rahotona, ɗaya daga cikin masu haɗa manhajar ya rubuto mini da kansa, ya ba da haƙuri, ya ce su 'yan kaɗan ne kuma akwatin imel ɗin ba kullum ake buɗe shi ba, sannan sigar da ta fito bayan kwana biyu ta zo da dogayen adireshi da ba a iya canka. Na yarda da shi, domin harshensa na wanda abin ya dama ne. Sai dai bayanin sabuntawar bai ce komai ba face "ƙananan gyare-gyare", ba a gaya wa masu gwaji cewa hotunansu sun yi makonni a buɗe ba, kuma tambayata ta ko tsofaffin adireshin sun daina aiki, da ko an sanar da matar nan, ita ce har yanzu ake yi wa kunnen uwar shegu. Ƙarancin ma'aikata ba ya wanke wannan. NVDA, manhajar karanta allo ta kyauta da Michael Curran ya fara a Ostareliya a 2006, James Teh ya haɗa hannu da shi, su biyun makafi, ƙaramar ƙungiya ce ke riƙe da ita, amma tana da rubutacciyar hanyar kai rahoton matsalar tsaro a asirce, tana fitar da sabuntawa ta musamman idan an toshe ɓaraka, tana rubuta abin da aka gyara a fili, kuma tana gargaɗin masu amfani cewa ƙarin kayan aikin da suke girkawa suna iya taɓa bayanansu. Abin da ake nema a nan hali ne, kuma hali ba ya jiran kamfani ya girma.

Wani abu da na lura da shi a zauren, wanda mu makafi ya shafa kai tsaye, shi ne yadda godiya take rufe mana baki. Da yake ba kullum ake tunawa da mu ba, duk wanda ya zo da abin da ke aiki sai mu riƙa lallaɓa shi kamar ƙwai, muna tsoron kada suka ta sa ya yi fushi ya tattara kayansa. Mutum biyu sun rubuto mini a ɓoye bayan an goge saƙona, suka ce su ma sun ji wani abu bai yi musu ba amma ba su so a ce sun yi butulci. Na fahimce su, domin ni ma sai da na yi kwana goma ina jira kafin in buɗe baki. Amma masu gwaji ma'aikata ne da ba a biya, mu ne zakarun gwajin dafi, kuma mafi ƙarancin abin da ya kamata a saka mana da shi shi ne a faɗa mana gaskiya idan abu ya ɓaci.

Hukuncina ya rabu biyu, kuma ban ga yadda zan haɗe shi ba. Ta fuskar sauƙin amfani da ingancin karatu, wannan na cikin mafi kyawun sigogin gwaji da suka taɓa shiga hannuna, kuma zan ba kowa shawarar ya gwada ta wajen gane launin tufafi, karanta rubutun jikin kwali, lambar ƙofa, ko shafin littafi. Ta fuskar riƙon amana kuwa ba ta kai a miƙa mata takardar asibiti, ta banki, ko katin shaida ba, kuma sigar Android a yadda ake raba ta yanzu ba zan sa ta a wayar da nake harkar kuɗi da ita ba. Wanda zai shiga, ya bi ta adireshin gayyata na kowa da kowa, domin ta nan TestFlight ba ya nuna wa mai manhaja sunansa da imel ɗinsa, ya ba ta izinin zaɓaɓɓun hotuna kawai maimakon dukan ma'ajiyar hotunansa, ya share tebur da hannu kafin ya ɗaga waya, kuma ya tuna cewa hoton allo da yake turawa tare da rahoton matsala yana ɗauke da duk rubutun da ke kan allon a lokacin.

Sigar farko da na girka ta cika kwanakinta 90 a makon jiya, sabuwa kuma tana jirana a TestFlight, na girka ta. Cikin saitinta har yanzu babu maɓallin goge asusu, abin da Apple ya wajabta tun 30 ga Yuni 2022 ga manhajojin App Store da ke buɗe wa mutane asusu, don haka dole su tanade shi kafin su fito kasuwa. Na rubuta musu a hukumance ina neman a goge duk hotunan da na ɗauka a makonni biyar na farko, har da mai katin banki a gefe, wanda na riga na sa banki ya soke ya ba ni sabo. Na sa ranar aikawa a kalanda, na ba su wata guda.